Ajiyar zuciya ta minti biyar a ɗakin ICU

Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana nas-nas da ke aiki a ICU, wato ɗakin da ake kwantar da waɗanda jikinsu ya yi tsanani, da kuma shugabannin asibitocinmu in suna karanta jarida.

Mu dai aikinmu ƙirga numfashin mutane ne, dare da rana idonmu na kan monita, mun san babba lafiyayye yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, da ya wuce haka ko oksijin ya sauka sai ka ga kowa ya miƙe, amma wallahi na yi shekaru a ɗakin nan ban taɓa lura da yadda nawa numfashin yake ba. Sai wani dutin dare, wajen ƙarfe uku, oksijin ɗin wani bawan Allah ya faɗo, na'ura sai kuka take, muka yi ta fama har Allah Ya sa ya daidaita. Bayan komai ya lafa na zo zuƙo allura, hannuna rawa yake, na kasa ko fasa kwalbar. Wata Sista da ta girme ni sosai ta ja ni wajen famfon wanke hannu ta ce, “Ke yarinya, ja iska ta hanci, ki ƙara ja kaɗan a kai, sai ki sake ta a hankali ta baki kamar mai hura kunu.” Na yi kamar sau shida, kafaɗuna da suka haye har kunne suka sauko, na koma na zuƙo allurata.

A lokacin na ɗauka dabarar manya ce kawai, ashe ajiyar zuciya ce da muka sani, sai dai wannan da gangan ake yin ta. A 2023 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada salon numfashi kala-kala, minti biyar kullum har wata guda, kuma wannan na ja biyu a saki ɗaya mai tsawo shi ya fi gyara wa mutane yanayin zuciya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya yi makarantar jinya. In hankali ya tashi sinadarin adrenalin, wanda jiki ke fitarwa lokacin firgita, ke hawa, zuciya ta yi ta dukan tara-tara, numfashi ya koma sama-sama a ƙirji, balle ga takunkumi a fuska awa da awanni. In ka tsawaita fitar da iska fiye da shaƙa, jijiyar vagus, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta sauka zuciya da ciki, ita ke taka wa bugun zuciya birki. Kuma a bari ciki ne ke tasowa, ɗora hannu a cibiya za ki gane ko daidai kike yi.

Akwai na 4-7-8 da likita Andrew Weil ya yayata, a shaƙa cikin ƙirge huɗu, a riƙe bakwai, a saki takwas. Ni gaskiya a bakin aiki ba ya min, jiri yake sa ni, sai na dawo gida daga dutin dare rana ta fito yara na ihu masu talla na sallama barci ya ƙi zuwa, to a kwance nake yin sa. Mai ciki ko mai asma kar ta matsa wa kanta da riƙe numfashin nan, in jiri ya zo a zauna a bari.

Amma Edita ga inda nake da ƙorafi. An taɓa tara mu a wata bita aka koya mana numfashi aka raba ruwan leda aka tashi, a daren ranar ni kaɗai na kwana da marasa lafiya huɗu, alhali ƙa'idar ICU nas ɗaya ga mutum ɗaya ne, in an matsa biyu. Abokan aikinmu da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya ba a maye gurbinsu ba. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa irin wannan gajiyar da ke cinye ma'aikaci daga matsin wurin aiki take tasowa, to don Allah kar a mai da ita laifin nas a ce ita ce ba ta iya numfashi ba. Numfashi yana tsayar min da rawar hannu, ba ya juya min mara lafiya mai kilo 90 duk bayan awa biyu, wannan sai hannu na biyu.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada, a sa a jadawalin duti cewa duk bayan wata gagarumar matsalar gaggawa, ko an yi rasuwa a hannun mutum, wata za ta karɓe ta na minti biyar ta fita ta cire takunkumi ta zauna. A ajiye mana kujera ɗaya a bayan ƙofa. Yanzu dai a tsaye muke yi, a bakin famfo, da sabulu a hannu.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya, daga Kano