Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai tambaya kan kuromosom ɗin tsuntsaye

Malam, bayan gaisuwa,

Ka tambaye mu a bainar jama'a ko adadin kuromosom, wato zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta, zai isa a gane dangin tsuntsu. Ba zai isa ba.

Yawancin tsuntsaye suna da kusan 80 a ƙwayar halitta ɗaya. Kaza tana da 78, jimina 80, talo-talo ma 80, alhali talo-talo ya fi kusa da kaza a kan jimina, nesa ba kusa ba. Gibin da ke tsakanin kaza da sauran biyun ya samo asali ne daga haɗewa da rabewa: kuromosom na 4 na kaza guda biyu ne suka manne, babba da ƙarami, waɗanda a tsuntsaye da yawa suke a rabe.

Ƙirgar ma kanta aiki ce. Ana renon ƙwayoyin halitta daga fata ko gindin gashin da ke tsirowa, a sa musu sinadarin kolcisin na kimanin awa ɗaya don rabuwarsu ta tsaya, a jiƙa su a ruwan gishirin KCl mai ƙarfin 0.075 M na minti 15 zuwa 20 a zafin digiri 37. Sai a daskarar da su da metanol kashi 3, asid ɗin asetik kashi 1, a ɗiga a gilashi, a rina da wani rini mai suna Giemsa. In jiƙon ya gaza, kuromosom su cunkushe. In ya zarce, ƙwayar ta fashe su watse. Kusan tagwai 30 ƙanana ne ƙwarai, ɗigo kawai ake gani, suna saurin ɓacewa ko a ɗauke su a matsayin dattin rini. Don haka ƙirga daga ƙwaya ɗaya ko biyu ba abin dogaro ba ce, a duba aƙalla 20.

Inda binciken yake da amfani shi ne sanin wane yanki ya haɗe da wane. Ana ɗauko kuromosom ɗin kaza, a yi masa alama da rini mai ƙyalli, a ga inda zai manne a jikin na wani tsuntsu. Shaho na jinsin Falco yana da 40 zuwa 52, gaggafa da shirwa kuma yawanci 66 zuwa 68. Dukansu sun ragu daga 80, amma yankunan da suka haɗe ba ɗaya ba ne, kowane dangi ta hanyarsa ya bi. Wannan ya yi daidai da binciken DNA na 2008, wanda ya nuna Falco ya fi kusa da aku a kan gaggafa.

A kuma lura, a kuromosom ɗin da ke bambanta mace da namiji, mace ce ke da ZW, namiji ZZ, saboda haka samfurin namiji kaɗai ba zai nuna W ba. Har yanzu jinsuna kusan 1,000 ne kawai aka duba cikin fiye da 10,000.

Wassalam.