Wasiƙa zuwa ga abokina mai shirin tafiya Mosi-oa-Tunya

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya, tsoho kuma ya sami sauƙin ƙafarsa. Saƙonka ya iso, na ga kun sa ranar tafiyar nan ta babbar mota, da kwana uku a sansani kusa da magangarar ruwan Bikitoriya da ke kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe. Allah ya kai ku lafiya.

Ka ce watan Afirilu za ku isa. To, a lokacin kogin Zambezi yake cika maƙil. Faɗin magangarar ya kai mita 1,700, zurfinta inda ya fi ya kai mita 108, kuma duk ruwan nan cikin matsattsen kwazazzabo yake faɗawa, sai feshin ya tashi sama ya dawo tamkar ruwan Agusta. Shi ya sa mutanen wurin suke kiranta Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Za ka ji rugugin har cikin ƙirjinka, amma gani kaɗan ne, hazon yakan rufe komai sai iska ta ɗan kaɗa shi. Da Oktoba ko Nuwamba ne, da ka ga dutsen fili, sai dai ɓangaren Zambiya yakan kusan ƙafewa. Tunda Afirilu ne, ka manta da lema, ruwan daga ƙasa ma yake tasowa. Sa kayan da ba ka jin jiƙewarsu da takalmi mai kama ƙasa, don gansakuka ta lulluɓe hanyar, musamman siririyar gadar ƙafa ta ɓangaren Zambiya. Fasfo, kuɗi da waya ka sa su a leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, ka ƙulle bakin kowace.

Ɓangaren Zimbabuwe ya fi fuskantar ruwan. Tsakanin ƙasashen biyu tsohuwar gadar jirgin ƙasa ce da aka gama a 1905, ana taka ta da ƙafa, amma iyaka ce, sai da fasfo. Ka tabbatar da bizar kowace ƙasa tun kana gida, ka riƙe katin rigakafin shawara, da ƙananan takardun dala masu tsabta. Shiga wurin kallon ruwan da sassafe ya fi, kafin jama'a.

Sansani kuwa, mutum biyu ne a tanti, kuma aiki karɓa-karɓa ake yi: yau girki, gobe wanke-wanke, jibi sharar mota. Wanke-wanken roba uku ne, ta sabulu, ta ɗauraya, ta ruwan maganin ƙwayoyin cuta. Ba a goge kwano da tsumma, kaɗa shi ake yi a iska har ya bushe. Abin dariya ne a ido, amma tsumma ɗaya mai danshi ya isa ya sa mutum ashirin gudawa.

Kafin ka kafa tanti, dubi ƙasa, ka dubi sama. Kwari yana tara ruwa. Bishiyar nonon giwa kuma inuwarta da daɗi, 'ya'yanta masu nauyin kilo da yawa ne, ba sa sallama idan za su faɗo. Raɓa tana da yawa kusa da kogi, don haka ranar tashi ka cire rufin sama da wuri ka shanya. In dole aka naɗe shi a jiƙe, a buɗe shi a zango na gaba, in ba haka ba kwana biyu ya yi funfuna ya fara wari.

Kada ka ajiye ko ayaba ɗaya a tanti. Gwaggon biri ya san leda, ya san zif, ba ya kuma tsoron tsawa. In ya fizge abu, bar masa. Giwaye sukan ratso har bakin gari da dare, saboda haka bayan magariba a mota ake fita. Alwala a famfon sansani za ka yi, bakin kogin akwai kada da dorina. Alƙibla kuma ba gabas ba ce irin ta gida: ka fuskanci arewa, ka ɗan karkata dama kamar digiri 20.

Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ana fara shi kafin a isa, a ci gaba bayan an dawo, likita zai faɗa maka kwanakin gwargwadon irin ƙwayar. Abinci ba zai ba ka wahala ba, tuwon masara ne, nshima a Zambiya, sadza a Zimbabuwe. Nama dai ka yi wa mai girki magana tun ranar farko, domin niƙaƙƙen naman da suke ɗurawa a hanji su gasa sau da yawa da alade a ciki. Ka tafi da yajinka.

In kwanakinku sun dace da daren sha huɗu ga wata, tambayi jagoranku ko an buɗe ƙofar wurin kallon ruwan da dare. A irin cikar nan bakan gizo yakan fito a hasken farin wata.

A gaida mutan gida da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Amininka