Masu zuwa Sifaniya, kada su tsallake Ƙurɗuba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in shawarci 'yan uwa masu zuwa Sifaniya karatu ko kasuwanci da su ware yini guda su leƙa Ƙurɗuba, mahaifar malamin fiƙihu da falsafa Ibn Rushd, wadda jirgin ƙasa mai sauri yake kaiwa daga Madrid cikin ƙasa da awa biyu.

Abdurrahman na Ɗaya, sarkin Musulmin Andalus, ne ya fara gina babban masallacin birnin a shekarar 785, aka mayar da shi majami'a bayan sarkin Kirista Ferdinand na Uku ya ci garin a 1236, sannan a ƙarni na 16 aka gina babbar cocin Katolika a tsakiyarsa. Har yau ginshiƙai fiye da 800 suna tsaye, da bakuna masu ratsin ja da fari, kuma mihrabin yana nan da ayoyinsa cikin ado na zinariya. A ganina, mihrabin kaɗai ya isa dalilin tafiya.

Sai dai mai ziyara ya sani cewa ba a barin yin salla a ciki, kuma zafin watan Yuli can ko mutumin Bauchi sai ya nemi inuwa.

Naka mai karatu,
daga Unguwar Jahun, Bauchi