Caccakar juna tsakanin 'yan tsaki: a duba ɗaki kafin a yanke baki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in yi tsokaci a kan wata matsala da ke damun masu kiwon kaji, musamman sababbin shiga, wato yadda 'yan tsaki ke caccakar juna, suna fige wa juna gashi, har ta kai wani lokaci su yi wa ɗan'uwansu taron dangi su kashe shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk inda aka kawo wannan kuka, shawarar da ake fara bayarwa ita ce a yanke musu baki, kamar dai bakin ne ya ƙirƙiro matsalar. A ganina an bar jaki ne ana dukan taiki, domin a mafi yawan lokuta laifin yana cikin ɗakin da aka zuba su da kuma abincin da ake ba su.

Da farko ya kamata mai kiwo ya bambance abubuwa biyu da ake yawan haɗawa wuri ɗaya. Akwai faɗan neman girma, wanda wani masani ɗan ƙasar Norway mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe ya yi bayaninsa tun a farkon shekarun 1920, inda ya nuna cewa a cikin garken kaji kowace ta san wadda ta fi ta ƙarfi da wadda take gaba da ita. Irin wannan sara a kai ake yin sa, ko a zanko, ko a ƙeya, kuma da zarar wanda aka sara ya kauce, magana ta ƙare. Ba ya ma kankama sosai sai 'yan tsaki sun kai makonni shida zuwa goma, mazan kuma su kan riga matan farawa. Na biyun shi ne fizgar gashi, wadda babu fushi ko kaɗan a cikinta: ɗan tsako zai zo a natse ta bayan ɗan'uwansa, ya kama gashin gadon baya ko na gindin wutsiya ya ja, wani lokaci ma ya haɗiye shi, sannan ya wuce wurin wani. Wannan na biyun shi ne ke jawo asara, kuma wanda ya ɗauke shi faɗa ne zai yi ta neman mafaɗaci a cikin garke bai same shi ba.

Asalin abin kuwa yana cikin halittar kaza. Kazar daji ta kudu maso gabashin Asiya, wadda daga gare ta kajin gida suka samo asali, tana cinye fiye da rabin yininta ne wajen tono da tsince-tsince, kuma ɗan tsakon da inji ya ƙyanƙyashe da wannan ɗabi'a yake fitowa, ko da bai taɓa ganin uwa ba. To idan aka ajiye shi a kan siminti tsirara, ko a kan waya, ko takarda mai santsi, aka kuma zuba masa abincin da zai cika maƙoƙonsa cikin 'yan mintoci, sauran yinin bakinsa ba shi da aikin yi, abin da ya fi kusa da shi kuma shi ne jikin ɗan'uwansa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne daga mako na biyu zuwa na huɗu, sa'ilin da gashin haihuwa ke zubewa, sabon gashi ke tsirowa da jini a gindinsa. Da an fizge ɗaya jini zai fito, jan abu kuwa yana jan hankalin kaza ƙwarai, kuma 'yan tsaki suna koyo da gani, shi ya sa abin da ɗaya ya fara da safe kan zama aikin ɗaki duka kafin rana ta faɗi.

Saboda haka magani na farko shi ne a ba bakin aikinsa na asali tun daga kwanakin farko, ba sai an ga jini ba. A shimfiɗa musu busasshiyar shimfiɗa mai kauri da za su iya tonawa, irin su askin katako ko ɓuntun shinkafa ko yankakkiyar ciyawa, a riƙa watsa ɗan abinci a kai domin su neme shi, a rataya musu ɗanyen ganye daidai tsayin kansu, a kuma ajiye faffaɗan mazubi da busasshen yashi don birgima. Shimfiɗar da ta jiƙe ta dunƙule ba ta da amfani, tunda ba ta tonuwa, ga kuma warin da take tayarwa mai yaji a ido, wanda shi kansa yana ƙara musu ƙunci. An lura cewa 'yan tsakin da suka tashi ƙarƙashin uwa ba su cika wannan ɗabi'a ba, domin tana koya musu abin da ake sara, kuma suna samun duhu da hutu a ƙarƙashin fukafukanta, har ma a Turai aka ƙirƙiro wata 'yar rumfa mai ɗumi da duhu da suke shiga su huta, aka kuma ga ta rage fizgar gashi.

Batun duhun nan shi ne wanda masu kiwo suka fi sakaci da shi. Mutane da yawa suna ɗumama ɗaki da farin ƙwan lantarki mai haske, su bar shi dare da rana har makonni, alhali haske mai ƙarfi marar yankewa yana hana 'yan tsaki barci, yana sa su zumuɗi, yana kuma fito da kowane ɗigon jini fili. Haske mai yawa a kwanaki biyu ko uku na farko yana da amfani, domin su gane inda ruwa da abinci suke, amma bayan haka a rage shi zuwa gwargwadon yadda mutum zai iya karanta jarida a cikin ɗakin, a kuma ba su sa'o'in duhu kowane dare. Jan ƙwan lantarki ya fi fari dacewa wajen ɗumama ɗaki, saboda a ƙarƙashinsa jini ba ya fita daban. Shi kansa ɗumin akwai ƙa'idarsa: digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos a makon farko, sannan a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako. Wanda ba shi da ma'auni ya dubi 'yan tsakin, idan sun guje wa wutar sun manne a bango, baki a buɗe, fukafukai a sake, to zafi ya yi yawa, kuma ɗan tsakon da zafi ya dama saurin sara gare shi.

Cunkoso ma haka yake. Wurin da ya ishi 'yan tsaki ɗari a ranar da aka kawo su ba zai ishe su ba bayan makonni uku, domin sun ninka girmansu sau da dama, amma sai ka ga an manta a faɗaɗa musu shinge ko a ƙara mazuban abinci da na ruwa. Haɗa manya da ƙanana, ko jefa 'yan kaɗan masu wani launi cikin garke mai launi ɗaya, shi ma neman rigima ne.

A ɓangaren abinci, gashin kaza kusan dukansa furotin ne, don haka ɗan tsakon da ke tsiro da gashi yana buƙatar abincin farko mai furotin kamar kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, na kajin nama ma ya ɗara haka. Mai kiwon da ya haɗa wannan abinci da dusa ko tsakin hatsi domin ya ƙara auki ya rage furotin ɗin ne, musamman wani sinadari da ake kira metiyonin, ya kuma rage gishirin da aka auna a ciki, ƙarancin waɗannan biyu kuwa sananne ne wajen jawo cin gashi. Alamar da nake ganin ta fi kowace bayyana ita ce a duba ƙasa: ɗakin da kaji ke sauya gashi amma ba a ganin gashi a kan shimfiɗa, to cinye shi suke yi. Sai dai in ja kunne, kada jin haka ya sa a riƙa ɗura gishiri a ruwan sha da ka, domin gishiri mai yawa yana kashe 'yan tsaki. Abincin da aka niƙa ya zama gari kuma ya fi na dunƙule a wannan fuska, tunda sun fi daɗewa suna tsintarsa. Ana kuma duba jikinsu ko akwai ƙwarkwata ko ƙuma, a duba dubura ko kashi ya manne ko akwai gudawa mai jini, domin duk waɗannan suna jawo baki zuwa wurin.

Idan har jini ya riga ya fito, babu jira. A cire mai raunin nan take, a wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a shafa maganin rauni mai duhun launi wanda likitan dabbobi ya amince da shi, a ajiye shi inda zai riƙa jin sauran amma ba za su kai gare shi ba, kuma kada a mayar da shi sai raunin ya bushe gashi ya fara rufe shi. Daga nan mai kiwo ya samu wuri ya zauna shiru na ɗan lokaci yana kallo, domin sau da yawa 'yan kaɗan ne ke fara abin, kuma ware su na wasu kwanaki yana kwantar da ɗaki.

Ban ce yanke baki ba shi da wuri gaba ɗaya ba. A manyan gonakin kajin ƙwai yana rage munin rauni, shi ya sa har yanzu ake yin sa a ƙasashe da yawa. Amma ba ya kawar da dalilin, kazar da aka yanke wa baki tana ci gaba da jan gashi, illa dai ba ta yin ɓarna sosai. Baki kuma gaɓa ce mai jijiyoyi da kaza ke taɓa abu da ita, yanke shi yana da ciwo, idan aka yi ba daidai ba kuma ɗan tsako ya kasa ci ya tsumbure ko jini ya ƙi tsayawa. Norway ta hana shi tun 1974, Finland a 1986, Sweden a 1988, kuma dukansu suna ci gaba da kiwon kajin ƙwai, a dokar Tarayyar Turai ta 1999 ma ba a yarda da shi ba sai ga ɗan tsakon da bai kai kwana 10 ba, kuma a hannun ƙwararre. Wanda ya ga lallai sai ya yi, to ya nemi a yi masa a wurin ƙyanƙyasa ko a hannun ma'aikacin lafiyar dabbobi, ba da almakashi ko jar wuƙa a tsakar ɗaki ba. Ina kuma roƙon masu sayar da 'yan tsaki da malaman gona da su riƙa yi wa mai saye bayanin shimfiɗa da haske da faɗin ɗaki a ranar da suke miƙa masa kwalin, kamar yadda suke yi masa bayanin allurar rigakafi.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
Wani mai kiwon kaji