Furen Sakura a Birnin Kiyoto: Inda Ake Kallonsa da Waɗanda Suka Dasa Shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi ƙarin bayani kan hoton da kuka buga a shafin baya kwanakin baya, wanda ya nuna wata siririyar hanya a bakin ruwa da bishiyoyi masu farin fure suka lulluɓe, aka rubuta a ƙarƙashinsa cewa lokacin fure ya kama a ƙasar Japan. Hoton ya tayar da gardama a majalisar da muke zama bayan la'asar a Nima, domin wasu matasa sun dage cewa aikin kwamfuta ne, wai babu bishiyar da za ta cika da fure haka alhali ba ta da ganye ko ɗaya. Wani dattijo daga Bawku ya tambaye su ko sun taɓa ganin gurjiya a tsakiyar hunturu, lokacin da take tsaye tsirara da jajayen furanninta, sai suka yi shiru. Ni kuwa na gane wurin tun kallon farko, saboda na taka shi da ƙafata. Sana'ata ita ce shigo da kayan gyaran mota na hannu daga Osaka zuwa kasuwar Abosokai, kuma a tafiyar da na yi a farkon Afrilun 2024 abokin cinikina ya matsa mini sai da na yi kwana uku a Kiyoto, wanda bai kai tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Osaka ba.

Sunan bishiyar sakura, al'adar fita kallonta kuma hanami, wato kallon fure. Nau'in da ya fi yawa a biranen ƙasar shi ne Somei Yoshino, wanda masu lambun wani ƙauye mai suna Somei, da yanzu ya shige cikin birnin Tokiyo, suka fara yaɗawa a ƙarni na 19. Ba daga ƙwallo ake shuka shi ba, aure ake yi masa kamar yadda muke yi wa mangwaro, saboda haka dubban bishiyoyin nan tamkar rassan bishiya guda ne, shi ya sa na gari ɗaya suke buɗewa kusan tare, su kuma zube kusan tare. Hukumar kula da yanayi ta ƙasar tana da bishiyar da take dubawa a kowane babban gari, kuma da zarar fure biyar ko shida sun buɗe a kanta sai a sanar cewa lokaci ya shiga, idan kuma kashi 80 cikin ɗari suka buɗe sai a ce fure ya cika. Tsakanin sanarwar farko da ta biyu kusan mako guda ne, bayan nan kuma ruwa ko iska mai ƙarfi na iya kaɗe komai a dare ɗaya. Yadda suke bibiyar wannan sanarwa a rediyo da talabijin, daga kudancin ƙasar zuwa arewa, bai tuna mini komai ba sai yadda muke kasa kunne a daren 29 ga Sha'aban. Furen yana jikin tsabar kuɗinsu ta yen 100, yana kuma bayan tsohuwar takardar yen 1000, wadda gabanta ke ɗauke da hoton Dokta Hideyo Noguchi, likitan nan da shawara ta kashe a nan Akra a 1928, wanda cibiyar binciken cututtuka ta Legon take ɗauke da sunansa.

Kiyoto ita ce fadar sarakunan Japan tun daga shekarar 794 har zuwa lokacin da aka mayar da fada Tokiyo bayan juyin 1868, kuma a can ne al'adar ta yi saiwa. Littattafan fada sun rubuta cewa Sarki Saga ya shirya bikin kallon fure a lambun Shinsen-en a shekarar 812. Abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda kuma hotonku bai iya nunawa ba, shi ne kusan duk wurin da na je sai an gaya mini sunan wanda ya dasa bishiyoyin da shekarar da ya dasa su.

Wurin da baƙo ya kan fara da shi shi ne lambun Maruyama, a gabashin gari, bayan wurin bautar Yasaka, wanda aka buɗe wa jama'a a 1886. A tsakiyarsa akwai wata babbar sakura mai rassa masu zubowa ƙasa kamar gashin da aka tsefe, wadda ake haska wa fitila da dare. Ta farkon ta mutu a 1947, wadda ke tsaye yanzu kuwa 'yarta ce ta jini, domin wani mai lambu daga gidan Sano Toemon, gidan da ya gaji sana'ar kula da bishiyoyi kaka da kakanni, ya riga ya raini ƙwallonta, sai aka dasa ta a gurbin uwarta a 1949. Na ga an tokare manyan rassanta da itatuwa kamar tsohuwar da aka ba sanda. Amma in faɗi gaskiya, Maruyama wurin hayaniya ne, da rumfunan abinci da 'yan shaye-shaye, kuma wanda ya saba da cunkoson Makola ne kawai ba zai takura ba. A je a gan ta sau ɗaya da magariba, ya wadatar.

Hanyar da ke cikin hotonku ita ce ake kira Hanyar Masanin Falsafa, kuma a ganina ta fi ko'ina. Tsawonta kusan kilomita biyu ne, daga kusa da haikalin Ginkaku-ji zuwa wajen Nanzen-ji, kuma an sa mata wannan suna ne saboda Nishida Kitaro, malamin falsafa a Jami'ar Kiyoto wanda ya rasu a 1945, wanda ya kan bi ta yana tunani. Ruwan da ke gudana a gefenta reshe ne na magudanar da aka haƙa daga tafkin Biwa tsakanin 1885 da 1890 don kawo wa garin ruwa da hanyar jiragen kaya, daga baya har da lantarki. Wato asalinsa aikin injiniyoyi ne, ba wurin shaƙatawa ba. Wani mai zane, Hashimoto Kansetsu, da matarsa su ne suka ba da kyautar ɗaruruwan bishiyoyin da aka jera a bakinsa a farkon shekarun 1920, har yau kuma da sunansa ake kiran su.

Na isa wurin bayan asuba, kafin motocin masu yawon buɗe ido su fara sauke mutane. Faɗin magudanar bai wuce na babban lambatun da ya ratsa Nima ba, wannan kwatanci kuwa bai bar ni ba har na kai ƙarshen hanya. An gina gefenta da duwatsu, ruwan garai-garai har ana ganin kifi, rassa kuma sun haɗe daga ɓangarorin biyu sun zama rumfa. Idan iska ta ɗan kaɗa sai furen ya riƙa zubowa a hankali, ya taru a kan ruwa ya zama shimfiɗa mai launin ruwan hoda da ke tafiya da kanta. Wani tsoho sanye da farar safar hannu yana tafe da tsintsiya da ɗan matsefin ƙarfe, yana tsince guntun takarda amma yana barin furen da ya zube a inda yake. Ban ga kwandon shara ko ɗaya a hanyar ba, kowa da ledarsa yake komawa gida da abin da ya ɓata. Abokina ya ja kunnena tun kafin mu sauka daga mota cewa kada in kuskura in ja reshe don ɗaukar hoto, domin raunin sakura ba ya warkewa da wuri, ta nan ruɓa ke shiga. Mai sauran ƙarfi a ƙafa zai iya zarcewa zuwa gangaren Keage, tsohon layin dogo mai tsawon mita 582 da ake jan jiragen ruwa a kansa a da, wanda yanzu mutane ke tafiya a tsakanin ƙarafunansa ƙarƙashin fure.

Mai son tarihi sai ya nufi haikalin Daigo-ji a kudu maso gabashin gari. A can ne Toyotomi Hideyoshi, wanda ya taso daga gidan talakawa har ya mallaki ƙasar baki ɗaya, ya sa aka dasa bishiyoyi 700 a 1598, ya gayyaci mutane kusan 1,300 don kallon fure na rana guda. Bai sake ganin wani furen ba, domin a cikin shekarar ya mutu. Har yanzu ana kwaikwayon jerin gwanonsa a ranar Lahadi ta biyu ta watan Afrilu, kuma a harabar akwai hasumiyar katako mai hawa biyar da aka kammala a 951, wadda ta fi kowane gini tsufa a cikin garin.

Sauran wuraren ba zan tsawaita a kansu ba. Arashiyama da gadarta ta Togetsukyo, inda fure ke warwatse a jikin dutse cikin korayen itatuwa, da Kiyomizu-dera mai dandamalin katako da ke leƙen gari daga tudu, duk sun cancanci sunansu, sai dai mutum ya fi ganin ƙeyar jama'a fiye da fure. Abin da ya fi amfani ga mai tahowa daga nesa irin namu, wanda zai sayi tikiti wata biyu kafin tafiya ya kuma bi ta Dubai ko Doha ko Adis Ababa, shi ne ya san cewa idan ya makara bai yi asara duka ba. Sakurar haikalin Ninna-ji, da ake kira Omuro, gajeru ne, furensu a daidai fuskar mutum yake, kuma sai wajen tsakiyar Afrilu suke buɗewa. Masu zubowa na lambun Heian, wanda aka gina a 1895 don cikar garin shekara 1,100, su ma sun kan ɗan jinkirta, wurin bautar Hirano kuwa yana da nau'i kusan 60 da ke buɗewa bi da bi. A tafi da rigar sanyi, domin abin da ake fassara mana da bazara a can wutsiyar hunturu ce, safiyarsu ta fi ta Janairun Tamale sanyi.

Tafiyata ta faɗo cikin goman ƙarshe na azumi, kuma na san wasu masu karatu za su tambayi matsayin Musulmi a irin wannan wuri. Gaskiya ne yawancin bishiyoyin suna cikin harabar wuraren bautar addinin Buda da na Shinto, kuma gaskiya ne giya tana cikin shagalin mutane da yawa. Wannan tambaya ce ta malamai, ni dai abin da na yi shi ne na tsaya a lambu, ban shiga ɗakin bauta ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da hakan ba, bakin kogin Kamo ya ishe shi, domin fili ne na kowa, babu kuɗin shiga, kuma bishiyoyi sun jeru a gaɓarsa tafiya mai nisa. A nan na sha ruwa a rana ta biyu. Iyalai da ma'aikatan ofisoshi sun shimfiɗa shuɗayen tamfol, kowa ya tuɓe takalmi ya jera a gefe kamar a ƙofar masallaci, an ce mini ma ƙaramin ma'aikaci ake turowa tun da safe ya kama wa manyansa wuri. Na zauna da dabino uku da kwalbar shayi mai ɗumi ina duban agogo, wata tsohuwa da ke kusa ta lura ban taɓa komai ba, ta tambayi abokina dalili, da ya yi mata bayani sai ta dakatar da jikokinta daga cin nasu har rana ta faɗi, sannan ta miƙo mini curin shinkafa a naɗe cikin ganye.

Akwai wani amfani da wannan al'ada ta haifar wanda masu ita ba su nufa ba. Saboda sarakuna da fadawa da masu hidimar wuraren bauta sun riƙa rubuta ranar da suka yi bikin fure, wani masani mai suna Yasuyuki Aono na wata jami'a a Osaka ya tattara ranakun cikar fure a Kiyoto na fiye da shekara 1,200. Lissafin ya nuna cewa a da tsakiyar Afrilu ne lokacin, amma tun daga ƙarni na 19 yake ta matsowa zuwa farkon wata, har a 2021 fure ya cika ranar 26 ga Maris, abin da ba a taɓa rubuta mai saurinsa ba kafin wannan shekara. Masana sun danganta hakan da ɗumamar yanayi da kuma zafin da gine-ginen birni ke riƙewa. Manomanmu ma suna cewa damina ta sauya hali, amma idan aka ce su kawo ranaku sai a koma ga abin da tsofaffi suka tuna.

Wani a majalisarmu ya ce in kawo irin bishiyar a tafiya ta gaba. Ba za ta yi fure a nan ba, domin ƙullin furenta ba ya farkawa sai ya sha sanyin hunturu mai tsanani na makonni, wanda ko tudun Aburi ba shi da shi. Muna dai da namu, daga gurjiya da ɗorawa a arewa zuwa mangwaron Dodowa da jajayen bishiyoyin da ke kama wuta a titunan Legon idan ruwan farko ya sauka. Saboda haka roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka ware ɗan gurbi a jaridar nan inda masu karatu daga Akra da Kumasi da Tamale da Bawku za su riƙa aiko da sunan bishiya da unguwar da take da ranar da suka fara ganin furenta, tare da sunan wanda ya dasa ta idan an sani, a riƙa bugawa kowace shekara. Ga nawa na farko: mangwaron da ke ƙofar masallacin layinmu, wanda marigayi ladaninmu ya dasa, ya fara fure bana a makon farko na Janairu.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Nima, Akra.