A sayo mana jirgin ɗaukar marasa lafiya da ya dace da samaniyar Legas

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan jiragen helikwafta masu ɗaukar marasa lafiya. Ƙasashen Turai suna ta sabunta nasu, kuma ina fargabar ranar da hukumominmu za su tashi saye su kwafo takardar Turawa yadda take, ko su kwaso gwanjon da aka sauke, ba tare da duba irin samaniyar da jirgin zai yi aiki a cikinta ba.

Babbar damuwar Turawa ita ce ƙanƙara. A cikin gajimare mai tsananin sanyi akwai ɗigon ruwan da bai daskare ba, amma da ya taɓa farfelar jirgi sai ya zama ƙanƙara nan take. Farfelar ta yi nauyi, siffarta ta canja, jirgin ya kama jijjiga, ƙarfin ɗagawarsa ya ragu. Shi ya sa ba a barin helikwafta ya shiga irin wannan gajimare sai yana da takardar shaida ta musamman, wadda cikakkiyarta ba ta samuwa sai an saka wa farfelar wayoyin ɗumamawa an kuma gwada shi a ainihin sanyin. Ƙungiyar ceto ta Rega a Suwizalan, wadda aka kafa a 1952, ta yi odar jirage uku samfurin AW169 masu wannan na'ura a 2015. Aka shekara da shekaru ana fama, a ƙarshe aka fasa cinikin. Masu kuɗi da ƙwararru ke nan fa.

Mu a nan lissafin daban ne. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau sama. Garin da ke bakin teku kamar Legas, inda zafi kan kai digiri 30, sai an wuce mita 4,000 kafin a fara zancen daskarewa, kuma jirgin da zai ɗauko wanda ya yi hatsari a gadar Kara ya kai shi Ikeja ba shi da abin yi a can. Na'urar ƙanƙara nauyi ce kawai a wurinmu, ta cinye gurbin tukunyar iskar numfashi ko ma'aikacin jinya guda.

Abin da ya kamata mu koya daga gare su shi ne tsananin da suke yi kafin su ba da shaida. Namu abokan gabar su ne hazon hunturu da ke rufe gari daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar da ke cin injin a hankali, ruwan Yuni da Yuli mai zuwa da iska, sannan duhun dare. Hatsarin tanka ba ya jiran rana ta fito. Jirgin da ba shi da izinin tashi da na'ura lokacin da matuƙi ba ya ganin gabansa, rabin shekara a ajiye zai yi ta. Kuma tunda babban ɓangaren garin ruwa ne, dole ya kasance da balan-balan na sauka a ruwa. Ba mu manta helikwaftan da ya faɗa ruwa a Oworonshoki a Agustan 2015 ba, inda mutum shida suka rasu, ko wanda ya faɗo a Opebi a Agustan 2020 ya kashe uku.

Na san wasu za su ce a fara gyara motocin LASAMBUS, hukumar motocin asibiti ta jihar da aka kafa tun 2001, kuma gaskiya suka faɗa. Amma duk wanda ya taɓa ganin motar asibiti tana ta jiniya a gosulon gadar Third Mainland ba ta motsi, ya san akwai ran da mota ba za ta cece shi ba. An buɗe filin saukar helikwafta a asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja a 2016, don haka ba daga tushe za a fara ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wa zai hau. 'Yan'uwanmu masu dako a Mile 12, direbobin tirela a Apapa da masu shanu a Oko-Oba su ne kullum a bakin hatsari, kuma su ne ba su da inshora. Rega da gudummawar shekara-shekara ta talakawa take rayuwa. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwarmu za su iya irin wannan karo-karo idan gwamnati ta buɗe ƙofa.

Ina kira ga hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama da gwamnatin jihar Legas: kafin a sa hannu kan kowace kwangila, a wallafa wa jama'a irin izinin da jirgin yake da shi na tashi da dare da cikin hazo, da adadin matuƙan da aka horar, da wanda zai biya kuɗin ɗauko talaka.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Agege, Legas