Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sakataren Harkokin Cikin Gida Na Amurka, Doug Burgum, Kan Agwagwar Teku Da Dokar 1918

Mai girma Sakatare,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan matakin da ma'aikatarka ta ɗauka a watan Afrilun 2025, lokacin da ta dawo da ra'ayin shari'a na Disambar 2017 wanda ya ce Dokar Yarjejeniyar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta 1918 ba ta hukunta kowa sai wanda ya kashe tsuntsu da gangan. Ka fi ni sanin tarihin wannan ra'ayi. Mai shari'a Valerie Caproni ta soke shi a kotun tarayya da ke New York a watan Agustan 2020, gwamnatin Kanada ta nuna damuwarta a kansa, kuma ƙa'idar da aka gina a bisansa a Janairun 2021 ba ta cika shekara ba aka janye ta. Duk da haka kun sake tono shi, kuma ina so ka dubi abin da hakan yake nufi ga tsuntsu guda, wato agwagwar tekun da ake kira saf-sikota, wadda masana suka sani da Melanitta perspicillata.

Namijinta baƙi ne wuluk, da farin tabo a goshi da wani a ƙeya, ga kumburarren baki mai launin ja da fari da ruwan lemo, ita kuwa macen ruwan ƙasa ce mai duhu. Suna hayayyafa a bakin ƙananan tafkuna cikin dazuzzukan arewacin Kanada da Alaska, inda macen take yin sheƙa a ƙasa ta zuba ƙwai biyar zuwa tara, ta kwanta a kansu kusan wata guda. Idan sanyi ya shigo sai su gangaro gaɓar tekun Pasifik da na Atlantika, su taru dubbai a wuri ɗaya, suna nutso suna ɓamɓaro halittun ruwa masu kwanso, suna haɗiye su ɗungurungum, ƙundu ya niƙe. Abin da ya kamata mai riƙe da doka ya lura da shi shi ne wannan agwagwa ba ta fara ƙwai sai ta shekara biyu ko uku, kuma sau ɗaya take ƙyanƙyasa a shekara. Jinsin yana ɗorewa ne saboda manyan suna daɗewa a raye, saboda haka idan manya dubu suka mutu a mako guda, giɓin yakan ɗauki shekaru kafin ya cike.

An riga an ga irin wannan mako. Ranar 7 ga Nuwamban 2007, cikin hazo, jirgin dakon kaya Cosco Busan ya gogi ginshiƙin gadar da ta haɗa San Faransisko da Oakland, baƙin mai sama da galan 53,000 ya malala cikin mashigin tekun, daidai lokacin da agwagin suke saukowa daga arewa. Hukumomin da suka tantance ɓarnar, har da naka, sun ƙiyasta mutuwar tsuntsaye 6,849, kuma fiye da dubu ɗaya daga cikinsu saf-sikota ne, jinsin da ya fi kowanne asara. Mai yana lalata gashin da yake hana ruwa taɓa fatar tsuntsu, sanyi ya ratsa shi, in ya sa baki ya gyara gashin kuma ya haɗiyi guba. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba, domin bincike ya nuna man ya illata ƙwan kifin herin da ake zubawa a kan ciyawar ruwa, wanda yake cikin abincin da agwagin suke tara ƙiba da shi kafin doguwar tafiyar komawa gida.

Jagoran da yake fitar da jirgin daga tasha bai fito da niyyar kashe tsuntsu ba. Amma ya amsa laifin karya dokar 1918 tare da dokar tsabtar ruwa, aka ɗaure shi wata goma. Da wannan dokar aka kama kamfanin Exxon bayan malalar man Alaska ta 1989, da ita kuma kamfanin mai na BP ya biya tarar dala miliyan 100 bayan bala'in Tekun Meziko na 2010, kuɗin da aka zuba a asusun gyaran fadamun tsuntsaye. A ƙarƙashin ra'ayin da kuka dawo da shi, ko ɗaya daga cikin waɗannan tuhume-tuhumen na dokar 1918 ba za a shigar ba. Na san za a ce dokar gurɓacewar mai ta 1990 tana nan, kuma gaskiya ne tana tilasta biyan diyya bayan ɓarna ta auku. Sai dai ba ita take sa kamfani ya rufe ramin dagwalon mai da raga ba, ba ita take sa a yi wa wayoyin lantarki alama ba. Tsoron dokar 1918 ne ya daɗe yana sa a yi waɗannan, kuma rigakafi ya fi magani.

Akwai rashin adalci a nan da nake roƙon ka kalle shi da idon mafarauci, tunda ka fito daga Dakota ta Arewa, jihar da agwagi suke cika tafkunanta. A 2016 aka rage lokacin farautar agwagin teku a gaɓar Atlantika daga kwana 107 zuwa 60 saboda fargabar raguwarsu, mafarauta suka bi. Yau mutumin da ya harbi ɗaya fiye da adadin da aka yarje masa zai fuskanci hukunci a ƙarƙashin wannan doka, amma kamfanin da sakacinsa ya hallaka dubu ba ta da abin cewa a kansa. Ranka ya daɗe, sau da yawa ka ambaci tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt a matsayin abin koyinka, ka kuma tsaya tsayin daka wajen gina ɗakin tarihinsa a garin Medora da ke jiharka. Shi ne ya keɓe Tsibirin Pelican domin tsuntsaye a 1903, shi ne ya keɓe Tafkin Chase a jiharka a 1908. Ina roƙonka, don girman abin da ka ce ka yi imani da shi, kada a ce a hannunka kariyar ta raunana.

Kada kuma a fake da cewa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya wannan agwagwa cikin rukunin da ba a fargabar ƙarewarsu. Ita kanta ta ce adadin yana raguwa, kuma ƙidayar da ake yi daga jirgin sama, wadda take haɗe jinsunan sikota uku wuri guda saboda wuyar bambance su, ta nuna sun ragu da kusan rabi tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Ɗan abin da aka sani game da hanyoyin ƙaurarsu ya fito ne daga masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, da abokan aikinsu, waɗanda suka maƙala musu na'urorin tauraron ɗan Adam, ga shi kuma kasafin 2026 da gwamnatinku ta gabatar ya nemi rushe sashen da suke aiki a ciki. Wannan ma abin dubawa ne, haka batun ɗumamar dazuzzukan da suke hayayyafa.

Buƙatata ta farko dai ita ce ka umarci lauyoyin ma'aikatarka su janye ra'ayin Afrilun 2025, sannan hukumar kula da kifi da namun daji ta kammala tsarin izinin da aka fara shiryawa a 2021, wanda zai fayyace wa kamfanoni matakan da za su ɗauka, ya bar hukunci a kan wanda ya ƙi ɗauka. Ina fatan a yi wannan kafin Nuwamba, watan da agwagin suke cika mashigin San Faransisko.

Na gode.

Daga mai kallon tsuntsaye, mazaunin gaɓar Kalifoniya